Windows 10 ta daina samun sabuntawa: shin in mayar da kwamfutar gidanmu kan Linux?

Baban Asma'u, Mabera

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da 'yan'uwa baki ɗaya, musamman waɗanda Allah ya hore wa sanin na'ura. Ni malamin sakandare ne a nan Sakkwato, kuma kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya muke da ita a gida, wadda na saya ta hannu kimanin shekara shida da suka wuce. Bayananta sun nuna Core i5 ce zubi na huɗu, RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, 4GB, faifan ajiyarta kuma irin na da ne mai juyawa, mai cin 500GB. Batirinta ya riga ya gaji, domin idan aka ɗauke wuta ba ya kai minti ashirin.

Windows 10 ce a kanta tun ranar da na saye ta. Na samu labarin cewa Microsoft ta daina aiko wa wannan manhaja da sabuntawa tun 14 ga Oktoba 2025, kuma da na nemi hawa Windows 11 sai kwamfutar ta nuna mini cewa ba ta cika sharuɗɗa ba. Wani mai gyara ya ce ko dai in sayi sabuwa, ko in kawo ya tura mata Windows 11 da ƙarfi. Sayen sabuwa ba ya cikin lissafina a bana. Daga baya wani tsohon ɗalibina ya ce in share Windows gaba ɗaya in ɗora wata babbar manhaja da ake kira Linux Mint, wai kyauta ce, kuma tana tafiya da sauri a kan tsofaffin kwamfutoci.

Abin da ya hana ni yanke hukunci shi ne ba ni kaɗai ke amfani da na'urar ba. Ni ina buga tambayoyin jarrabawa a Word, wasu da Hausa masu haruffa masu lanƙwasa, ina kuma haɗa sakamakon ɗalibai a Excel. Uwargida tana koyarwa a Islamiyya, tana buga darussa da Larabci mai wasali. Babbar 'yata tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana tsakiyar rubuta kundin bincikenta, ƙaninta kuma yana gwajin jarrabawar JAMB da wata manhaja da muka saya. Akwai tsohuwar firinta a gida. Bayan wannan duka, a cikin kwamfutar ne hotunan iyali suke, har da na mahaifina, Allah ya jiƙansa, kuma ba ni da kwafinsu a ko'ina.

Saboda haka ina neman shawarar wanda ya taɓa yin wannan sauyi da hannunsa. Shin ayyukan da na lissafa za su yiwu a kan Linux? Ana iya ajiye manhajojin biyu a kwamfuta ɗaya? Idan kuma abin bai karɓe mu ba, akwai hanyar komawa? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Mai gyaran kwamfuta, Runjin Sambo

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa ya huta. Kafin a yi maganar Linux ko Windows, ina roƙonka yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ka kwafe hotunan nan da kundin 'yarka zuwa wani wuri dabam, ko filash ko faifan waje, idan da hali ma wuri biyu. Faifai mai juyawa da ya yi waɗannan shekaru yana aiki ba ya yin sallama ranar da zai tsaya.

Daina sabuntawa ba ya nufin kwamfutar za ta ƙi tashi. Abin da ya tsaya shi ne facin da ake aikowa kowane wata domin toshe ɓarakar da masu kutse ke bi, don haka lamarin ya yi kama da gidan ƙasa da aka daina yi wa yaɓe: ba zai faɗi a daminar farko ba, amma kowace damina tana cin rabonta. A 2025 Microsoft ta buɗe ƙarin wa'adi na shekara ɗaya ga masu amfani a gida, har zuwa 13 ga Oktoba 2026, ga wanda ke kan sigar Windows 10 ta ƙarshe, wato 22H2. Ana biyan dala 30, ko a samu kyauta idan mutum ya shiga da asusun Microsoft ya amince a adana saitunansa a can. Wannan jinkiri ne kawai, amma jinkirin yana da amfani a halin da kake ciki. Game da Windows 11 kuwa, tana buƙatar guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a ɓangaren farosesar Intel galibi daga zubi na takwas take farawa, taka kuwa zubi na huɗu ce. Gaskiya ne ana iya tsallake sharaɗin a tura ta da ƙarfi, sai dai kamfanin da kansa ya ce bai lamunce wa irin waɗannan na'urori sabuntawa ba, kuma a kan RAM 4GB da faifai mai juyawa za ka riƙa jiran ta kamar mai jiran tuwon gidan biki. Ni ba na ba abokan cinikina wannan shawara.

Linux ba baƙuwar aba ba ce. Linus Torvalds ne ya fara rubuta ƙashin bayanta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma a kan wannan ƙashin bayan aka gina Android da ke cikin wayoyinmu. Ƙungiyoyi daban-daban ne ke ɗaukar sa su haɗa masa kaya su fitar da nasu samfurin. Ubuntu ta fito a 2004, Linux Mint ta biyo baya a 2006, kuma jerin Mint 22, wanda aka gina a kan Ubuntu 24.04, zai ci gaba da samun sabuntawa har 2029. Ɗalibinka bai yi kuskure ba da ya ambaci Mint, domin fuskarta ta fi kama da abin da ka saba: maɓallin jerin manhajoji yana ƙasa ta hagu, agogo yana ta dama. Tana da fuskoki uku, Cinnamon da MATE da Xfce, kuma ga RAM 4GB na fi son Xfce saboda ita ce mafi sauƙin nauyi.

Abin da ya fi daɗi a lamarin shi ne ana iya ɗanɗana ta ba tare da an taɓa Windows ba. Za ka sauke fayil ɗin daga shafin Linux Mint na ainihi, girmansa ya kusa 3GB, sannan ka yi amfani da wata ƙaramar manhaja mai suna Rufus ka rubuta shi a kan filash mai 8GB. Ka tabbata babu abin da kake so a filash ɗin, domin za a goge shi tas. Sai ka kashe kwamfutar, ka kunna, ka danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi, wanda a HP yawanci F9 ne, a Dell da Lenovo kuma F12. Mint za ta buɗe daga filash, kuma a nan za ka gwada Wi-Fi da sauti da firinta, ka buɗe takardunka ka ga yadda suka fito. Kada ka auna saurinta a wannan gwaji, domin filash ba shi da gudu. Idan ka zare shi ka sake kunnawa, Windows ɗinka tana nan inda ka bar ta.

Yanzu ga tambayarka ta ajiye biyun tare. Yana yiwuwa, mutane da yawa suna yi, amma kai ban so ka yi ba. Kafin Linux ta samu wurin zama sai an matse kason Windows a faifai, kuma wannan aiki ne da idan wuta ta yanke ana tsakiyarsa, teburin da ke nuna inda kowane fayil yake zai iya lalacewa. Da batirin minti ashirin da irin wutarmu, wannan kasada ce da babu dalilin yin ta. Na taɓa yin wannan ganganci da kwamfutar wani bawan Allah farkon shigata sana'a, janareta ya mutu ana cikin rabon faifai, na kwana uku ina tono takardunsa, kuma ba duka na samo ba. Tun daga ranar ba na fara irin wannan aiki sai kan inbata.

Shawarata ita ce ka sayi faifan SSD, wato sabon nau'in faifai mai sauri wanda ba ya juyawa, mai 256GB, irin na SATA mai inci biyu da rabi, a zare tsohon faifan a ajiye shi yadda yake da Windows ɗinsa da komai, a sa sabon, a ɗora Mint a kansa. Ka ga an amsa tambayarka ta uku ke nan: ranar da kuka ga abin bai yi muku ba, sukundireba da minti goma sun isa a mayar da tsohon faifan. Kafin nan kuma za ka iya sa shi cikin ɗan akwatin USB ka riƙa ɗebo fayilolinka, tunda Linux tana karanta faifan Windows, ko da yake Windows ba ta karanta na Linux sai da dabara. Abu biyu za ka yi kafin a zare shi: ka kashe Fast Startup a saitunan wuta, domin idan yana kunne Windows ba ta sakin faifan sosai in an kashe ta, sannan ka duba ko an kulle shi da BitLocker, wato makullin faifai na Windows, in an kulle ka rubuta lambar buɗewa a takarda.

Zan ƙara da abin da masu yabon Linux ba su cika faɗa ba. Kaso mai yawa na nauyin da tsohuwar kwamfuta ke yi ba daga manhaja yake ba, daga faifai ne da ƙura. Bayan hunturu nakan buɗe na'urori in tarar fanka ta toshe kamar an cusa mata auduga, sai kuma zafin Afrilu ya zo ya haura digiri 40, farosesa ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. A share fankar, a sake man sanyaya farosesa, in aljihu ya yarda a ƙara RAM zuwa 8GB.

Maman Khalifa, Gawon Nama

Malam, barka da ƙoƙari. Ina da shagon buga takardu, kuma cikin kwamfutocina uku ɗaya tana kan Mint fiye da shekara biyu, don haka abin da zan faɗa daga teburin aiki ne. Duk abin da injiniya ya ce game da faifai na yarda da shi. Inda nake so a ja birki shi ne lokacin da za a yi sauyin.

Babu Word da Excel na ɗorawa a kan Linux. Abin da ke zuwa da Mint shi ne LibreOffice, wanda ya samo asali daga OpenOffice a 2010, kuma a cikinsa Writer ke tsaye a matsayin Word, Calc a matsayin Excel. Yana buɗe fayilolin docx da xlsx, yana kuma adanawa a cikinsu. Tambayoyin jarrabawa da wasiƙu da takardar gayyata ba za su ba ka wahala ba. Sakamakon ɗalibai ma haka, domin lissafin jimla da matsakaici da fitar da na ɗaya da na biyu duk suna aiki yadda ka sani, sai fa idan takardar da makaranta ta ba ku tana ɗauke da macro, wato ƙananan umarnin da ake sakawa a cikin takarda su riƙa aiki da kansu, wanda wani yakan yi aiki, wani ya ƙi.

Kundin digiri kuwa wani abu ne dabam. Takarda ce mai shafi saba'in ko ɗari, da lambobin Romawa a shafukan farko da na yau da kullum a sauran, da tebura, da jerin abin da ke ciki, kuma tana kai da komo tsakanin ɗaliba da malamin da ke duba ta, wanda kusan tabbas Word yake amfani da ita. Duk lokacin da takarda irin wannan ta ratsa daga Word zuwa Writer ta dawo, akwai yiwuwar wani tebur ya zame ko babi ya fara a tsakiyar shafi. Babban dalilin shi ne salon haruffa. Times New Roman da Calibri ba sa zuwa da Linux, sai ta musanya su da wasu. An yi Liberation Serif da faɗi daidai da Times New Roman, an yi Carlito daidai da Calibri, kuma akwai kunshin da ake saukewa mai kawo Times New Roman da Arial na asali, to idan an sa waɗannan matsalar tana raguwa ƙwarai. Amma ban ce tana ƙarewa ba. Na sha ganin ɗalibai sun shigo shagona ana gobe za a miƙa kundi, ido ya yi ja, muna gyaran lambar shafi har bayan isha'i. Ba a fafe gora ranar tafiya, Malam. Ka karɓi ƙarin wa'adin nan da injiniya ya ambata, ka bar yarinya ta kare kundinta a kan abin da ta saba da shi, sannan ku yi sauyinku cikin hutu. Ka kuma tambaye ta ko sashensu ya wajabta wata manhajar ƙididdiga. Akwai PSPP da R a Linux, amma idan malaminta ya ce ga wadda yake so, ba ita za ta yi masa gardama ba.

Manhajar gwajin JAMB da kuka saya, idan fayil ɗinta ya ƙare da exe, ta Windows ce. Akwai wata gada da ake kira Wine da ke tafiyar da wasu manhajojin Windows a kan Linux, sai dai waɗanda ke da lambar kunnawa da aka ɗaure da na'ura ɗaya su ne suka fi yin taurin kai. Ku tambayi wanda ya sayar muku ko lasisin ya haɗa da sigar waya. Duk da haka yaron yana buƙatar sabawa da linzami da madannai, tunda a kan kwamfuta zai zauna ranar jarrabawa, wannan ma wani dalili ne na jinkirtawa.

A kan firinta, sa'a ce. Yawancin na HP suna aiki da zarar an jona su, saboda akwai direbobinsu da ake kira HPLIP. Akwai kuma wasu ƙananan firintoci masu hoda da suka dogara kacokan ga direban Windows. Ina da irinsu guda, na yi kwana biyu ina fama da ita, a ƙarshe na mayar da ita kan ɗaya kwamfutar. Ka jona taka lokacin gwajin filash ka buga shafi ɗaya, shi ne zai gaya maka gaskiya.

Don kada a ce na zo kushe ne kawai, ga dalilin da ya sa ba zan rabu da Mint ba. Kowane filash da abokin ciniki ya kawo, a kanta nake fara soka shi. Cutar kwamfutar nan da ke ɓoye fayiloli ta mayar da su gajerun hanyoyi, wadda ta addabi shaguna irin namu, ba ta iya tashi a kan Linux, sai in ga fayilolin mutum ƙuru-ƙuru tare da ita cutar a gefe, in goge ta. Kuma duk abin da za ka kai wani wuri a buga, ka fitar da shi a PDF, ba abin da zai motsa. CorelDRAW ce kaɗai ta sa har yanzu nake riƙe da Windows a shago, amma kai ba ka ambace ta ba.

Almajirin Ilimi, Kanwuri

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara wa Hajiya da injiniya basira. Ni zan tsaya ne a kan rubutun Larabci da na Hausa, domin shi ne aikina dare da rana.

Game da ƙ da ɗ da ɓ, a cikin saitunan madannai na Mint akwai tsarin Hausa na Nijeriya, akwai kuma na Larabci, ana ƙara su a riƙa sauyawa daga ɗan tambarin da ke kusa da agogo. Amma akwai tarko ga wanda ya daɗe yana buga Hausa. Da yawa daga cikin malamanmu sun saba da tsofaffin salon haruffa irin su Rabi'at, waɗanda aka yi kafin haruffanmu su wadatu a kwamfuta, inda aka ari gurbin wasu alamomi aka zana haruffa masu lanƙwasa a kansu. Takardar da aka buga da irin wannan, idan aka buɗe ta a na'urar da babu salon, sai ka ga baka-baka da sanduna a inda ƙ da ɗ suke. Idan haka ta faru, Malam, kada ka ɗauka takardunka sun lalace. Ka kwafo fayil ɗin salon daga jakar Fonts ta Windows ka ɗora a Mint, komai zai dawo. Sabbin takardu kuma ka riƙa buga su da haruffan Unicode, waɗanda ke fitowa daidai a waya da intanet da kowace kwamfuta.

Larabci yana tafiya lafiya a Writer, da sharaɗin a shiga saitunan harshe a kunna zaɓin rubutu mai sarƙaƙiya, wanda suke taƙaitawa da CTL. Sai an kunna shi maɓallan rubutu daga dama zuwa hagu suke bayyana. Na san wanda ya yi mako yana cewa manhajar ba ta san Larabci ba, alhali wannan ɗan akwati ne bai latsa ba. Idan Malama ta saba da Traditional Arabic ko Sakkal Majalla, waɗannan na Windows ne, ba za ta same su ba, kuma tsofaffin darussanta za su canza kama. Ina ba ta shawarar Amiri ko Scheherazade New, duka kyauta ne, kuma suna zaunar da fataha da kisira da shadda a inda ya dace ba tare da sun hau juna ba, wanda shi ne abin da mai koyar da yara ya fi buƙata.

Bari in ɗan ratse, tunda a Sakkwato muke, garin da rubutun ajami ba baƙo ba ne, kuma duk wanda ya taɓa shiga ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu ya ga irin dukiyar da magabata suka bari da alƙalami. Cibiyar nazarin harsuna ta SIL ta fitar da salon haruffa guda biyu domin ajamin yankinmu, Harmattan da Alkalami, na biyun an zana shi ne bisa irin rubutun hannu da aka sani a Kano, mai kauri irin na allo. Suna ɗauke da ɗigon imala da muke sa wa a ƙarƙashin harafi domin wasalin e, wanda yawancin salon Larabci na gabas ba su damu da shi ba. Sai dai adalci shi ne in faɗa cewa waɗannan suna aiki a Windows kamar yadda suke aiki a Linux, don haka ba hujjar ƙaura ba ne. Abin da nake nufi kawai shi ne mai ƙaura ba zai rasa su ba. Wanda kuma ya dogara da Maktaba Shamila ta kan kwamfuta, ya sani cewa sigar da ke hannun mutane ta Windows ce, amma ana karanta littattafan a shafinta ta burauza idan akwai data.

Ƙarshe, Malam, kwamfutar nan ta mutum huɗu ce. Ranar gwajin filash kada ka gwada wa Malama aikinta, ka ba ta kujerar ta buga darasi guda da hannunta. Idan ita ba ta gamsu ba, duk abin da muka rubuta a nan ba zai hana a riƙa tuna maka da shi a kan tabarmar cin abinci ba.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta, Dandima

Ina gaishe da iyayena da malamaina. Abu uku kawai zan ƙara domin bayan an ɗora. Da farko a kunna Timeshift, wanda ke zuwa tare da Mint, yana ɗaukar hoton tsarin ta yadda idan wata sabuntawa ta ɓata wani abu za a koma jiya. Amma a sani tsarin yake karewa, ba hotuna da takardu ba, waɗannan sai an kwafe su dabam. Sannan a buɗe wa kowa asusunsa, kalmar sirrin mai gida ta tsaya a hannun Baba, domin ba a ɗora komai sai da ita. Na uku, a riƙa ɗauko manhajoji daga Software Manager, kuma kada a kwafi umarnin da ba a fahimta ba daga intanet a zuba a Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni. Firefox da Chrome da VLC da Zoom da Telegram duk suna da sigar Linux, WhatsApp kuma ta burauza ake buɗe ta. Idan Wi-Fi ya ƙi tashi, wanda yakan faru da wasu katunan Broadcom, a jona waya da kebul a kunna raba intanet ta USB, a buɗe Driver Manager, zai kawo direban da kansa.

Baban Asma'u, Mabera

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara rufin asiri. Na bi maganar injiniya tun daren farko, hotunan yanzu suna wuri uku, ɗaya a hannun ƙanena. Ranar Asabar muka yi gwajin filash a gidan maƙwabcina mai sola. Wi-Fi da sauti sun tashi ba tare da an taɓa komai ba, firinta ma ta buga shafin gwaji, abin da ya ba ni mamaki ƙwarai. Takardar sakamakon ɗalibai ta buɗe da lissafinta daidai. Tambayoyin Hausa na shekarun baya sun fito da baka-baka kamar yadda Malam na Kanwuri ya faɗa, kuma da ban karanta bayaninsa ba da na rufe kwamfutar a nan take. Uwargida ta buga darasin tajwidi guda, ta ce salon da ta tarar bai yi mata kyau ba, amma da muka sauke Amiri ta ce ya fi wanda take amfani da shi. Kundin Asma'u kuwa ya tashi daga shafi 64 zuwa 66, kuma tebur ɗaya ya rabu gida biyu, saboda haka maganar Hajiya ta tabbata. Na yi rajistar ƙarin wa'adin, za mu jira ta kare kundinta, yaron kuma ya rubuta jarrabawarsa, kafin nan na tara kuɗin SSD.

Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. Bayan na zare filash na koma Windows, sai agogon kwamfutar ya koma baya da awa ɗaya cif. Ina zaune ina aiki ina ganin da sauran lokaci, sai na ji ana kiran sallar la'asar. Shin gwajin ya lalata wani abu ne?

Mai gyaran kwamfuta, Runjin Sambo

Babu abin da ya lalace, Malam. A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan agogo mai ƙaramin batirinsa, wanda ke tafiya ko an kashe ta. Windows tana ɗaukar abin da ke cikinsa a matsayin lokacin garin da kake, Linux kuma tana ɗaukar sa a matsayin lokacin duniya na UTC, sannan ta ƙara bambancin ƙasarku kafin ta nuna maka. Da Mint ta samu intanet sai ta saita ɗan agogon a kan UTC, kuma da yake Nijeriya tana gaban UTC da awa ɗaya, Windows ta dawo ta karanta shi yadda ta tarar. Ka shiga saitunan kwanan wata da lokaci a Windows, ka tabbata yankin yana kan Afirka ta Yamma ta Tsakiya, ka danna maɓallin daidaitawa, zai koma daidai. Duk ranar da ka sake gwaji da filash zai iya maimaitawa, amma idan Mint ta zauna ita kaɗai a kan SSD ba za ka sake ganin haka ba. Idan lokacin sayen faifan ya yi, ka tafi da kwamfutar kasuwa a gwada shi a gabanka, kuma ka sa a duba maka batiri a tafiya ɗaya.